Karyayyar Bindiga Ba Kayan Kondem Ba Ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana da 'yan uwanmu na zangunan Kumasi, daga Aboabo da Asawase har Sabon Zango da Asokore Mampong, a kan abin da yake kwance a ƙarƙashin gado ko a saman silin na gidaje da yawa: bindigar farauta da ta lalace, ko wani sashe nata da ya wuce gyara.

Yadda aka saba, idan bututun bindiga ya tsage ko ya kumbura, sai mai ita ya jingine ta a lungu shekara da shekaru. Ran da aka zo sharar ɗaki, ko ya rasu magada suka shiga raba kaya, sai a kira yaro mai sayen tsohon ƙarfe da ke yawo da kura yana kiran "kondem, kondem", a haɗa masa da tsohuwar fanka da murfin tukunya, a karɓi 'yan sidi kaɗan. Wasu su jefa a bola, wasu a rafin Aboabo, wasu su kai wa mai walda a Magazin, unguwar masu gyaran mota, ya ɗinke. Duka huɗun kuskure ne, kuma kowanne yana iya cin rai ko ya kai mutum kurkuku. Hanya ɗaya ce mai kyau: a tabbatar babu harsashi a ciki, a miƙa wa 'yan sanda, a karɓi takarda.

Da farko a san abin da ake kira ya wuce gyara. Mafi yawan bindigogin da ke hannun manoma da mafarauta a yankin Ashanti masu baki ɗaya ne, lamba 12, waɗanda ake karyawa a sa harsashin AA ko BB. Faɗin cikin bututunta kusan milimita 18 da rabi ne, kuma lokacin da ta tashi, matsin da ke cikin gindin bututun yana kai wa ninki ɗari bakwai na matsin iskar da muke shaƙa. Tayar ƙaramar mota ninki biyu da ɗan abu ake hura mata. Wannan matsin ne ƙarfen bututun yake ɗauka, hannun hagun mai harbi kuma yana riƙe da shi, fuskarsa tana bayansa da taƙi ɗaya ko biyu.

A cire bututun, a goge shi, a ɗaga shi wajen haske a leƙa ta gindi. Lafiyayyen bututu za a ga cikinsa sumul, haske yana tafiya a miƙe. Idan aka ga wani baƙin zobe a tsakiya, to wurin ya kumbura, kuma in aka shafa da yatsa ta waje za a ji ɗan tudu. Idan aka ga ramuka kamar zanen ƙyanda, tsatsa ta ci ƙarfen. Tsaga kuwa, komai sirantarta, ko da kamar gashi ce, magana ta ƙare. Haka nan in an rufe bindigar aka ji bututun yana girgiɗi, ko ana iya ganin haske tsakanin gindinsa da uwar bindigar, wato akwatin ƙarfen da kunama take ciki.

Kumburi ba ya zuwa haka kawai, toshewa ce ke kawo shi. Mafarauci ya yi tuntuɓe bakin bindiga ya caki laka bai duba ba. Ko an rataye ta tun daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, lokacin da hukumar gandun daji take rufe farauta, zanzaro ya shiga ya gina ɗakinsa na laka a ciki. Ko tsumman da aka cusa a baki saboda ƙura an manta da shi. Akwai kuma wani mugun kuskure: harsashin lamba 20 ya fi na lamba 12 siranta, idan aka sa shi bisa kuskure sai ya zurma ya tsaya a gaba, mutum ya ɗauka bai ɗura ba, ya ƙara na lamba 12 a bayansa. Wannan ba kumburi yake kawowa ba, fashewa ce. Haka kuma sa harsashi mai tsawon milimita 76 a bindigar da aka ƙera don mai 70 yana ƙara matsi fiye da ƙima. Tsawon yana rubuce a jikin bututun kusa da gindi, mutane ne ba sa karantawa.

Muna girmama masu waldar Magazin, sun tayar da injinan da ƙasashen da suka ƙera su suka fid da rai a kansu. Amma bututun bindiga ba salansar mota ba ne. An gasa ƙarfensa an sanyaya bisa wani ma'auni tun a masana'anta, sannan an gwada shi da harsashi mai ƙarfi fiye da na kasuwa kafin a buga masa hatimi. Wutar walda tana ɓata wannan gashin. Gefen ɗinkin wani wuri ya yi laushi, wani wuri ya yi tauri kamar kwalba, cikin ɗinkin kuma ya bar ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Abin takaicin shi ne yakan ɗauki harbi biyar ko goma lafiya lau, mai ita ya saki jiki, na gaba ya tafi da yatsunsa. Daka kumburi da guduma don ya koma, ko miƙar da lanƙwasasshen bututu a wuta, duk hukuncinsu ɗaya. Ban da wannan, ƙera bindiga ko harhaɗa ta ba da izinin gwamnati ba laifi ne a Gana, saboda haka mai waldar ma yana jefa kansa cikin abin da bai kai kuɗin aikin ba.

To, a zo kan doka, don a nan ne mutanenmu suka fi yin sakaci. Dokar makamai da harsasai ta 1972 ta wajabta rajistar kowace bindiga, ana sabunta lasin kowace shekara, kuma bayanin yana zuwa babban ofishin rajistar bindigogi da ke hedikwatar 'yan sandan ciki a Accra. A can, bindigarka lamba ce da ke manne da sunanka. Littafin bai san ta karye ba. In ka sayar wa mai kondem, wani ya tsinci uwar bindigar a cikin tarin ƙarfe ya haɗa mata wani bututu, aka kama ta a wajen fashi a hanyar Techiman, lambar za a bi, kuma ƙofarka za ta kawo. "Ai ta lalace na yar" ba amsa ba ce a gaban alƙali in babu takarda. Sashe na 192 na dokar manyan laifuka ta 1960 ya sa riƙe bindiga ko harsashi ba da hujja ba cikin laifuka masu daraja ta ɗaya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, wadda Gana take ciki, ba ta tsaya kan cikakkiyar bindiga ba, ta haɗa da sassa da kayan gyaran da bindiga take buƙata don ta yi aiki. Ke nan bututu shi kaɗai, ko uwar bindiga ita kaɗai, ba tarkacen ƙarfe ba ne a idon hukuma.

Magada su ji wannan da kyau. Lasin na mutum ɗaya ne, ba ya bin gado kamar gida ko gona. In Alhaji ya rasu ya bar bindiga, lafiyayya ko karyayya, babban ɗa ba ya zama mai ita don kawai an raba ta faɗo a kasonsa. A sanar da 'yan sanda, in ana son riƙe lafiyayyar a nemi a mayar da ita sunan wanda ya cancanta, karyayyar kuma a miƙa.

Kafin komai ya bar gida, sai an tabbatar babu abin da ke ciki, kuma wannan ne matakin da ya fi kowanne haɗari. A fitar da yara da mata daga tsakar gida. A juya bakin zuwa tarin yashi ko ƙasa mai laushi, kada a juya shi ga bangon siminti ko daɓe, don ƙwayoyin dalma suna dawowa. Yatsa kada ya kusanci kunama. Mai karyawa a karya ta, a cire harsashi, a leƙa a ga haske ya fito ta ɗaya ɓangaren. Mai famfo kuma, wadda ake ja da baya a tura gaba, tana ɓoye harsasai a siririn bututun da ke ƙarƙashin babban. A fitar da su ɗaya bayan ɗaya, a ja ta sau uku bayan na ƙarshe, a sa ido a kuma sa ɗan yatsa a taɓa, domin tsatsa tana riƙe harsashi a can ciki ya ƙi fitowa sai daga baya.

In harsashi ya maƙale, ko tsatsa ta hana bindigar buɗewa, a tsaya nan. Kada a zura rodi ta baki a buga da guduma. Kada a gasa ta a wuta don ta saki. Kada a ce bari a ɗaura igiya a kunama a harba daga nesa. A kwantar da ita bakinta yana kallon yashi, a kulle ɗakin, a je a faɗa wa 'yan sanda cewa akwai bindiga mai ɗure da ta ƙi buɗewa, suna da masu kula da makamai da aikinsu ke nan. Lambar kiran gaggawa, 191 ko 112, tana shiga.

Bindigar toka, irin wadda ake ɗurawa ta baki ana bugawa a bikin Sallah da Damba da naɗin sarauta, ita ce ta fi yaudarar mutane, don ba a iya leƙa cikinta. Ga yadda ake ganewa. A cire hular da ke kan nonon, wato ɗan tsinin da ke gindin bututu inda wuta take shiga, in akwai. A sami siririn sanda na itace, a zura ta baki a hankali, fuska da jiki a gefe, har ya tsaya. A yi alama a daidai baki. A zare, a shimfiɗa sandan a jikin bututun ta waje, alamar a daidai baki. In ƙarshen sandan ya kai wurin nonon, ciki fayau ne. In ya gaza da yatsa biyu ko uku, akwai ɗuri. Albarushi ba ya tsufa yadda mutane suke zato, wanda kakanka ya ɗura yana iya tashi yau in ya sami tartsatsi. Zuba ruwa ta baki a bar shi ya jiƙa yana rage haɗari, amma tsumman da aka danna a kan albarushin yakan hana ruwan isa, kuma in ya bushe ƙarfinsa yana dawowa. Saboda haka ko an jiƙa, a ɗauke ta a matsayin mai ɗure, a kuma faɗa wa wanda zai karɓa. Irin wannan bututun ne idan ya faɗa hannun maƙeri ya sa gindinsa a wuta don ya yi wani abu da shi, yake tashi a kan duk wanda ke tsaye a gaban maƙera, sau da yawa yaron da ke zuga.

Tsofaffin harsasai su ma ba na bola ba ne. Wanda robarsa ta kumbura, ko gindinsa ya yi kore, ko aka harba ya ƙi tashi aka ga shaidar allura a gindinsa, duk rayayyu ne. Wanda ya ƙi tashi a wajen harbi ma, a bar bakin bindiga yana kallon wuri mai aminci na daƙiƙa 30 kafin a buɗe, don wani yakan yi jinkiri sannan ya tashi. Jiƙa su a baƙin mai ko kananzir ba ya tabbatar da sun mutu, an rufe gindinsu da kyau tun a masana'anta. Shararmu kuwa ƙona ta ake yi a bayan gida, yara suna tsaye suna tonawa da kara. Harsashi a wuta yana fashewa ya watsa gutsattsarin ƙarfe da garwashi daidai tsayin idon yaro. A jera su a kwalin takarda, a cusa tsumma kada su riƙa gogar juna, a ajiye nesa da kurfoti da tukunyar gas, a tafi da su daban da bindigar. Kwanson da aka riga aka harba, a duba a ga cikinsa fanko ne, a tsaga robar da wuƙa daga baki zuwa ƙasa don kada wani ya sake ɗura shi, sannan a yar.

Sai rubutu. A nemi lambar bindigar, yawanci tana ƙarƙashin uwar bindigar ko a gefenta, wasu kamfanonin suna maimaita ta a gindin bututu da cikin katakon gaba. A rubuta ta a takarda tare da sunan kamfanin da ƙasar da aka ƙera ta, a ɗauki hoto da waya, lambar ta fito sarai, wurin da ya lalace ma ya fito. Kada a kankare lambar. Wasu suna tsammanin gogewa tana raba su da bindigar, alhali bindiga mai gogaggiyar lamba ita ce ta fi jawo zargi, kuma masu bincike suna da hanyar fito da lambar da aka goge.

Zuwan farko ofishin 'yan sanda, a je hannu rabbana. A tafi da lasin, ko da ya daɗe da ƙarewa, da katin ɗan ƙasa, da hotunan. A ce ana son ganin mai kula da rajistar bindigogi, ko a ofishin unguwa kamar na Asawase ko Manhyia, ko a hedikwatar yanki da ke Adum. A yi bayani, su faɗi rana da yadda suke so a kawo, ko su aiko a ɗauka. Amfanin wannan a fili yake: mutumin da aka tare a shinge da bututun bindiga a buhu, bai sanar da kowa ba, zai sha wahalar gamsar da wanda ya tare shi cewa miƙawa zai je yi. A karɓi suna da lambar wayar jami'in da aka yi magana da shi.

Ranar kaiwa, a raba bindigar gida uku in tana rabuwa, bututu da katakon gaba da ƙota haɗe da uwar bindigar, a naɗe a buhu a ɗaure. A tafi da rana, kai tsaye, ba tsayawa Kejetia sayen kaya. Kada a shiga motar haya mai cike da mutane, a ɗauki shata ko motar ɗan uwa. Kada a aiki ɗa ko yaron shago, mai lasin da kansa zai je, in gado ne kuma babban magaji tare da dattijo ɗaya na unguwa a matsayin shaida. A bakin kanta a faɗi abin da ke cikin buhun kafin a sa hannu a kwance shi, a bar jami'in ya buɗe da kansa.

Kada a fito sai da takarda. A tabbatar an shigar da abin a littafin tasha, a nemi a ba da shaidar karɓa mai ɗauke da kwanan wata, irin bindigar, lambarta, adadin harsasai, sunan jami'i da lambarsa da hatimin ofis. A nemi a rubuta cewa an miƙa ne don a lalata, kuma a sanar da ofishin rajista a cire ta daga sunan mai ita. A yi kwafi biyu, a ajiye ɗaya inda takardun gida suke. In bututu kawai aka miƙa aka riƙe sauran don a sa sabo ta hannun dila mai lasi, wannan ma a rubuta, domin bayanin rajista ya dace da abin da ke hannu.

Wani zai ce, me zai hana in yanka ta da injin gurza in huta? Abu biyu. Na farko, gutsattsarin da ka yanka a gida ba su goge sunanka a rajista ba, ka rabu da Bukar ne ka haifi Habu, don yanzu ba ka da bindigar da za ka nuna kuma ba ka da takarda. Na biyu, yankan zarto ko na injin gurza sumul yake fita, mai hannu zai iya mayar da shi. Shi ya sa a Amurka ƙa'idar hukuma ita ce a yanka uwar bindiga da wutar gas wuri uku a karkace, kowane yanka ya cinye ƙarfe aƙalla kwatan inci, wato kimanin milimita 6. A nan gida, hukumar kula da ƙananan makamai da aka kafa da dokar 2007 ita take haɗa kai da 'yan sanda da soja wajen lalata makaman da aka tara, a yanka, a ƙona. Abin da mai gida zai iya zubarwa da kansa shi ne wanda ba ya cikin aikin harbi: tsagaggiyar ƙotar katako, maratayi, robar kafaɗa. Allurar da ke bugun harsashi, kunama da sifirin ɗinsu, a haɗa su cikin buhun miƙawa. Kuma kada a mai da tsohon bututu abin hura wuta ko bakin famfo, cikinsa shafe yake da dalma, guba ce ga yara. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa.

Wanda bindigarsa ba ta da rajista tun asali, shi ne tsoro ya fi kamawa, kuma muna fahimta. Gwamnati takan buɗe lokacin afuwa, kamar wanda ministan cikin gida, Alhaji Muntaka Mubarak, ɗan majalisar Asawase, ya sanar ya fara daga 1 ga Disamba 2025. In ba a irin wannan lokaci ba, shawararmu ita ce kada mutum ya tafi shi kaɗai, ya fara ganin lauya, ko ya bi ta hannun sarkin unguwa ko limami su yi masa jagora. Muna kuma roƙon hukuma ta fitar da fom guda ɗaya na miƙa lalatacciyar bindiga, mai rasit a jikinsa, a sanar da shi da Hausa da Tuwi da Dagbanci a gidajen rediyo. Mutane da yawa ba taurin kai ne ya hana su ba, ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba ne.

Ragowar maganar ta 'yan uwanmu masu sana'ar kondem ce, na Dagomba Line da sauran wurare, don su ne abin yake fara fashewa a hannunsu. Ku faɗa wa yaranku masu kura kada su sayi duk bututun da ɗaya gefensa yake da ƙugiya ko maƙalli, ko mai rubutun lamba da hatimi a gindi, ko mai ɗan ƙwallo a kan baki. In an same shi a cikin kaya bayan an sauke, kada a sa masa wutar gas, kada a danne shi a injin matsa ƙarfe, kada a loda shi a motar Tema, inda tukunyar narka ƙarfe take wuce digiri 1,500 kuma ma'aikata suna tsaye a bakinta. A ware shi gefe a kan yashi, bakinsa yana kallon inda ba mutane, a rufe da buhu, shugaban wurin ya rubuta ranar da aka same shi da motar ko kurar da ta kawo shi, sannan ya kira 'yan sanda su zo su ɗauka a ba shi takarda.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wasu masu sana'ar ƙarfe da mafarauta,
Zangon Kumasi